Madalla da Ƙasar da Ba Ta da Marar Aiki

A buɗe alƙaluman da Bankin Duniya yake bugawa daga ƙididdigar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, a nemi sunan Nijar. Rashin aikin yi a wurinmu bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Faransa, da duk masana'antunta da jiragenta, tana fama da kusan kashi 7. Afirka ta Kudu ta haura kashi 30. Mu kuwa Allah ya kuɓutar da mu. Madalla da wannan ƙidaya, madalla da waɗanda suka yi ta, kuma a isar da albishir ga samarin da ke zaune a fada bakin titi a Cadawa, suna jiran tafasa ta uku ta shayin da mutum biyar suka haɗa kuɗinsa: ku ma'aikata ne, ba ku dai sani ba.

Hikimar tana cikin ma'aunin. A ƙa'idar masu wannan lissafi, wanda ya yi aikin samun kuɗi ko da na sa'a guda a cikin mako, ya fita daga sahun marasa aiki. Yaron da ya ɗauki buhun aya biyu daga amalanke zuwa mota ranar kasuwa ya yi aiki. Wanda ya ari babur ɗin yayansa ya yi kabu-kabu da hantsi ya yi aiki. Wanda ya gama jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kolodo ta Maraɗi shekara huɗu da suka wuce, yanzu yana tsaron shagon cajin waya na wani, shi ma ya yi aiki. Kuma kafin a kira mutum marar aiki sai an tabbatar yana neman aikin bai samu ba. To ina manomin Gangara zai je nema a watan Maris, gona ta bushe, rumbu ya yi rabi, babu masana'anta ko ɗaya tsakaninsa da iyaka? Bai nema ba, don haka bai rasa ba. Wata takwas na rani, daga kaka zuwa shuka, sun ɓace daga takarda, kuma abin da ya ɓace daga takarda ba ya cin kasafin kuɗi.

Shi ya sa ba a ɗora wa kowa wahalar neman kuɗin rashin aiki a Agiye da Gazawa da Gidan Rumji ba. A wasu ƙasashe mutane suna ta kai da kawo, suna cike takardu, suna kukan an jinkirta musu biya. Faransa ta ɗaura wa kanta wannan nauyi tun 1958. Maƙwabciyarmu Aljeriya ma, a 2022, ta fara ba matasa masu neman aikin farko dinari 13,000 a wata, daga baya ta ƙara ya zama 15,000. Mu an hutar da mu. Asusun CNSS na kare ma'aikata yana da rassa uku: tallafin iyali, haɗarin wurin aiki, da fansho. Reshen wanda aiki ya kuɓuce masa babu shi. Ko da akwai, rassan nan na mai albashi ne da aka yi wa rajista, kuma a ƙauyukan da ke bin Gulbin Kaba sai ka ƙirga gida ɗari ba ka tarar da mai takardar albashi ba in ka cire malamin makaranta da ma'aikacin asibiti. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga sefa 30,047 zuwa 42,000 a farkon 2024. Abu ne mai kyau, kuma mutanen Sae Sabuwa sun ji shi a rediyo.

Ga mai ilimi kuma an tanadi kati. Hukumar ANPE tana rubuta masu neman aiki, tana ba su shaidar cewa lalle suna nema. Katin ba ya sayen tiyar gero, amma yana da daraja, domin sau da yawa dosiye ba ya cika sai da shi. Shi kuwa dosiye, Allah ya saka wa wanda ya ƙirƙiro shi, ya samar wa marar aiki aikin yi. Takardar haihuwa, takardar zama ɗan ƙasa, takardar kotu mai shaida ba ka taɓa laifi ba, takardar likita, kwafin difloma da aka buga wa hatimi, hotuna, tambur a kan kowace. Takardar kotun wata uku take rayuwa. In gasar ɗaukar ma'aikata ta jinkirta, kamar yadda takan yi, sai takardar ta mutu kafin a buɗe ambulan, a koma a sake wata. Saurayi ya taso daga Gazawa da kuɗin akuyar uwarsa, ya biya mota zuwa Maraɗi, ya kwana a zauren wani ɗan garinsu, ya wayi gari a ce masa mai sa hannu ya tafi taro, ya dawo jibi. Mai fotokofi ya samu, mai mota ya samu, mai sayar da ambulan ya samu. Wa ya ce rashin aiki ba ya raya tattalin arziki?

Wanda ya yi sa'a ya zama malamin kwantiragi, shi an koya masa darasin da babu shi a littafi. Tun ƙarshen shekarun 1990 ƙasa ta jingina makarantunta a kan waɗannan malamai, har suka zama su ne mafi yawa a firamare. Ɗan abin da ake biyansu ya sha makara, ƙungiyoyinsu sun sha yajin aiki a kan bashin watanni, kuma duk mai kanti a ƙauye ya san littafin bashin malamin makaranta. A 2017 aka yi musu jarrabawar tantancewa, dubbai suka rasa kwantiraginsu. Ba na jayayya da cewa wanda bai iya karatu ba bai kamata ya koyar da ɗan wani ba. Amma hukuma ce ta ɗauke shi a haka, ta tsayar da shi gaban allo shekara da shekaru a aji na zana, ranar da ta gano kuskurenta kuma shi kaɗai ya biya. Ya koma gida da mata da ƴaƴa, babu wani asusu da zai riƙe shi ko na wata uku. An tantance malami. Wanda ya ɗauki malamin ba a tantance shi ba, kuma wannan ma tausayi ne, don manya ba sa son jarrabawa.

Sai dai kada a yi wa hukuma ƙazafi a ce ta bar talaka haka nan. Akwai tallafi, kuma a nan ne gwanintar take.

A 2011 Nijar ta amince da manufar kare al'umma ta ƙasa, kuma a shekarar Bankin Duniya ya sa dala miliyan 70 a shirin tallafin kuɗi ga gidaje marasa ƙarfi. Jihar Maraɗi tana cikin jihohi biyar na farko. Jika goma a wata, har wata 24, a hannun mace. Daga baya aka zo da kashi na biyu mai suna Wadata Talaka. A nan zan ajiye yabo in faɗi magana yadda take: kuɗin nan yana aiki. Matar da ta san jika goma za ta shigo kowane wata ba ta sayar da tunkiyarta a bazara a kan rabin kuɗi. Tana shiga asusu, tana sayen gyaɗa ta yi mai da ƙuli-ƙuli, ɗanta yana cin abinci kafin ya tafi makaranta. Masu bincike sun bi gidajen sun ga haka, matan ma ba sa buƙatar mai bincike ya faɗa musu. Saboda kuɗin yana da amfani ne hanyar samunsa take ƙona rai. Da banza ne, da babu wanda zai damu da wa aka rubuta, wa aka tsallake.

To mu koma ga yabo. Da yake kuɗin ba ya isar kowa, an nemo hanyar da babu son kai a cikinta: ƙuri'a. A tara masu gari, a zuba sunayen ƙauyuka, a zaro. Ƙauyen da ya fito ya shiga, wanda bai fito ba ya jira wani zagaye. Adalci ne tsantsa, babu mai cewa an yi masa maguɗi. Ƙauyuka biyu suna shan rijiya ɗaya, fari ɗaya ya cinye musu gero, tsutsa ɗaya ta huda musu zangarniya, amma ɗaya yana da talakawa, ɗayan kuma sai an sake kaɗa ƙwarya.

Bayan ƙuri'a sai masu tambaya su iso a kan babura, kowa da na'ura a hannu. Yaro ne mai ladabi, ya yi sallama, aka shimfiɗa masa tabarma a tsakar gida. Mutum nawa ke ci a tukunyar nan? Rufin ɗakin na mene ne? Akwai awaki, nawa? Akwai amalanke? Rediyo fa, waya fa? Mai gida yana amsawa, uwargida tana bakin madafa tana saurare, tana lissafin wace amsa ce za ta cuce su. Rufin kwano ne, ai ga shi ana gani. Babu gurbi a na'urar da za a rubuta cewa ɗansu ne ya aiko da kuɗin kwanon daga Libiya shekara shida da suka wuce, kuma tun bara ba a ji muryarsa ba. Akuya uku na ɗaure a turke. Babu gurbin da za a ce biyu na kiwo ne, na wata hajiya ce a gari, ɗan da suka haifa kawai ake rabawa. Yaron ya latsa, ya yi godiya, ya hau babur. Amsoshin suka tafi inda za a auna su, na'ura ta ba kowane gida maki, aka ja layi. Wanda ke ƙarƙashin layi talaka ne. Wanda ya ɗara shi da maki guda ya wadata, sai a yi masa barka.

Ba na zargin yaron, aikinsa ya yi. Ba na ma cewa zaɓen da akan bar wa taron gari ya fi wannan tsabta, don a can ma an san yadda ɗan'uwan mai faɗa a ji yake zama matalauci na rana ɗaya. Masu binciken LASDEL, cibiyar nazarin zamantakewa da ke Yamai, su Jean-Pierre Olivier de Sardan, sun zauna a ƙauyuka sun rubuta abin da rabon kuɗi na zaɓe yake haifarwa: zato, zargi, da dabarun kauce wa ƙa'idar masu bayarwa. Sun tarar har da inda ake tattara abin da aka ba waɗanda aka zaɓa bayan baƙi sun tafi, a sake rabawa yadda gari ya ga dama. Wannan babbar nasara ce ta tarbiyya. Mutanen da kakanninsu ke ɓoye yunwa don kunya, waɗanda mace kan ɗora tukunyar ruwa a murhu don kada maƙwabta su gane ba a girki, yau an koya musu ɓoye akuya. An koya wa dattijo ya tsaya gaban yaro sa'an jikansa ya rantse cewa shi ba kowa ba ne. Wanda ya riƙe mutuncinsa ya ce "alhamdu lillahi, muna rufin asiri", ya faɗi jarrabawa.

Ranar kiran suna kuwa sai wanda ya gani. Mata sun cika gindin bishiya tun rana ba ta yi zafi ba, kowace da katinta a ƙulle cikin leda a bakin zane. Ana kira, ana amsawa, ana dangwala yatsa. Wata tsohuwa tana matsawa gaba kaɗan-kaɗan don kunnenta ya yi nauyi. Aka rufe littafi ba ta ji nata ba.

"Ɗana, ban ji sunana ba."

"Iya, sunanki bai fito ba."

"Ai wancan karon ya fito."

"Daga sama yake zuwa, Iya. Ki yi haƙuri, za a duba."

Allah ya ja zamanin sama. Ba ta da ƙofa, ba ta da suna, ba a taɓa ganin wanda ya je ya same ta a zaune ba. Mai gari ya ce meri, meri ta ce Maraɗi, Maraɗi ta ce Yamai, Yamai ta ce masu ba da kuɗi. Wataƙila an rubuta sunan da wani harafi a kati, da wani a na'ura. Wataƙila shekarunta sun saɓa, tunda ita da takardar haihuwa ba su taɓa haɗuwa ba. Wataƙila wani ya ce ɗanta ya dawo daga Jado da zinariya. Akwai kwamitin koke, gaskiya ne, an kafa shi, an koya masa aiki. Zai karɓi kukanta ya aika sama.

Jinkiri shi ma yana da falalarsa, kuma ba a yaba masa yadda ya kamata. Kowa a ƙasar nan ya san watannin da rumbu ke ƙarewa: daga Yuni zuwa Agusta, lokacin da ake noma da ciki wofi, mata suna tsinkar tafasa, farashin tiya yana hawa kowace kasuwa. Ba asiri ba ne, hukumar kula da ƙarancin abinci da kanta tana rubuta shi a shirinta na kowace shekara. Tun yunwar 2005, da asibitocin tamowa na Maraɗi suka cika da yara har duniya ta gani, babu jami'in da zai ce bai san kalandar yunwa ba. Duk da haka sau nawa taimakon bazara yake isowa bayan an fara cin sabon wake? Sau nawa waɗanda suka yi gina-ka-ci, suka haƙa rabin-wata a fako da rana tsaka, suke jiran ladansu makonni bayan hannu ya warke? Kafin kuɗin ya zo, mai gida ya riga ya je wurin ɗan kasuwa ya ci bashin da zai biya da amfanin gona a farashin kaka, ko ya jinginar da gonar, ko ya bar tasa ya tafi ƙwadago a ta wani a daidai makon da ciyawa ke cinye gero. Kuɗin ya iso, ya wuce kai tsaye hannun mai bin bashi. Ihu bayan hari ne, amma a rahoto an rubuta cewa an biya kashi 100 cikin 100, kuma ba ƙarya aka yi ba.

Babban abin burgewa shi ne jinkirin nan ba shi da mai laifi. Albashi in ya makara akwai ƙungiyar ƙwadago. Bashi in ya makara akwai alƙali. Wannan kuwa kyauta ce, wa zai kai ƙarar mai kyauta don ya makara? A 2018 an yi dokar da ta shimfiɗa ginshiƙan kare al'umma, amma matar Gidan Sori ba ta da takardar da za ta ɗaga ta ce ranar kaza ake bina kaza. Abin da take da shi furoje ne, furoje kuma yana da ranar buɗewa da ranar rufewa. Wata 24 suka cika, an yaye ki. Ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba, ko mijin ya dawo ko bai dawo ba, talaucinki ya ƙare a ranar da aka rubuta tun kafin a san ki.

An ga ƙarfin wannan gini a 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta rufe iyaka ta yanke wuta, Bankin Duniya ya dakatar da fitar da kuɗi na tsawon watanni. Hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya, wadda cinikin Maraɗi da Najeriya ke bi, ta tsaya har Maris na 2024. A lokacin kuma naira ta faɗi, ɗan abin da ɗan ci-rani ke aikowa daga Kano ko Legas ya narke kafin ya zama sefa. Wato a daidai lokacin da mai ɗaukar kaya da direba da ɗan kamasho suka rasa abin yi, a lokacin ne aljihun da ake tallafi daga cikinsa ya rufe. Masu mulki da masu takunkumi kowa yana da hujjarsa, kuma kowa ya ce don talaka yake yi. Talakan Cadakori ya gode wa ɓangarorin biyu.

A Gidan Rumji ma an ƙara wani darasi. Tun 2019 dubban mutane suka tsallako daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina suna gudun ƴan bindiga. Kafin wata mota mai tuta ta iso, mutanen ƙauyukan bakin iyaka ne suka buɗe musu zaure, suka raba tuwo biyu. Daga baya aka yi rajista, aka matsar da wasu zuwa Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Baƙin nan sun cancanci duk abin da aka ba su, har da ƙari, kuma su ma suna shan nasu layin da nasu tantancewar. Amma mai masaukin da ya ƙarar da rumbunsa a kansu ya gane cewa yunwa iri biyu ce, mai kati da marar kati, kuma tasa sai an sake zama a kanta.

To wa ke biyan kuɗin rashin aiki a waɗannan garuruwa, tunda dai mutane ba su ƙare ba? Mata ne. Asusun Mata Masu Dubara, da ya fara a jihar Maraɗi a 1991, yana ba da rance a ranar da aka nema, ba ya tambayar rufin ɗaki, don masu akwatin sun san ɗakin. Ƙanin da ke tura baro a Kano yana biya. Gawo da kalgo da manoman Ɗan Saga suka raya a gonakinsu da sassaben zamani suna biya, da itace da abincin dabba a shekarar da gero ya ƙi. Surukai suna biya, maƙwabta suna biya, liman yana biya daga zakkar da aka kawo masa. Ba su da na'ura, ba su da taron bita a otal, kuma ba su taɓa cewa Iya ta dawo jibi ba. Hukuma ta kyauta da ta bar musu wannan lada su kaɗai, ba ta shiga ta rage musu ba.

Ranku ya daɗe masu mulki, na san baitulmali ba shi da zurfi, na san yaƙi yana cin kuɗi, kuma babu mai hankalin da ke cewa gobe a fara biyan kowane saurayi albashin zama. Abin da ake nema bai kai haka tsada ba. A liƙa ranar biya a ƙofar meri, a faɗe ta a rediyon gari, in ta wuce a fito a faɗi dalili da sunan ofishin da takarda ta kwana. Wanda aka cire daga jeri a gaya masa abin da ya cire shi, da bakin mutum, a ba shi wurin da zai kai kuka a amsa masa kafin wata ya mutu. A bar takardun dosiye su yi rai har a gama gasar da aka nema da su. A sa wani kaso na tallafin nan a kasafin ƙasa, komai ƙanƙantarsa, don kada ya tsaya duk ranar da aka yi faɗa da baƙi. Taimakon bazara kuma ya iso hannun mutane a watan Mayu, kafin mai gida ya je wurin mai ba da bashi.